Bene Ɗaya, Adireshi Huɗu: Nazarin Matsalar Shigar da Adireshin Gidajen Haya a Fom ɗin Intanet

Yadda ofishin yake kafin sauyin

Ofishin da wannan nazari ya shafa ƙarami ne. Mace ɗaya ce ke tafiyar da shi tare da ma'aikata biyu, kuma aikinsu shi ne kula da gidajen haya a madadin masu su: su karɓi kuɗin haya, su ba da rasit, su rubuta yarjejeniya, su tura mai gyara idan famfo ya fashe ko wuta ta lalace, sannan a ƙarshen wata su aika wa kowane mai gida lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe. A lokacin suna riƙe da wuraren haya 41, wato gidaje 9 masu zaman kansu da kuma sassa 32 da ke cikin benaye uku, har da shaguna huɗu a ƙasan ɗaya daga cikin benayen.

Shekara da shekaru bayanan suna cikin jadawali ɗaya a kwamfuta, wanda mutanen uku suka riƙa cikawa kowa da irin hannunsa. Gurbin adireshi guda ɗaya ne, kuma abin da ya zo wa mai rubutu shi yake sakawa. Sashe na 3 na benen da ke lamba 14 a wani titi, wanda za a kira shi Titin Tasha a wannan rubutu, ya bayyana ta fuska huɗu a wurare daban-daban: “14 Titin Tasha, sashe na 3”, da “14/3 Tasha”, da “3-14” a gefen sunan titin, da kuma “Tasha, sama ta hagu”. Wannan bai taɓa ruɗa kowa ba, domin su ukun sun san gidajen kamar yunwar cikinsu, kuma jadawalin tunatarwa ce kawai a gare su.

Abin da ya kai su ga manhajar kula da haya ta intanet shi ne matsin masu gidaje, waɗanda suke son ganin lissafinsu a duk lokacin da suka ga dama, da kuma buƙatar 'yan haya su riƙa biya da kai ƙorafin gyara ta waya. Fom ɗin manhajar yana da gurabe shida na adireshi: layi na farko, layi na biyu, gari, jiha ko lardi, lambar yanki ta gidan waya, da ƙasa. Yana kuma da matakai biyu, inda ake fara buɗe gini sannan a jera sassa a ƙarƙashinsa. Wannan mataki na biyu babu wanda ya kula da shi a lokacin.

Makon farko: kwashe bayanai

An fitar da jadawalin a matsayin fayil na CSV, wato fayil na rubutu zalla da waƙafi ke raba gurabensa, domin a loda shi cikin manhajar gaba ɗaya. Kafin lodawar, ɗaya daga cikin ma'aikatan ya sake buɗe fayil ɗin a manhajar jadawali don ya duba shi, ya gyara wasu sunaye, ya adana. A wannan buɗewa da adanawa abubuwa uku suka faru ba tare da an lura ba.

Lambobin yanki da suka fara da sifiri sun rasa sifirinsu, saboda manhajar jadawali ta ɗauke su a matsayin adadin lissafi, kuma a lissafi sifirin farko ba shi da daraja. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk mai aiki da adireshi, domin lambobin birnin Boston na Amurka da 02 suke farawa, na Dresden a Jamus da 01, na Roma kuma da 00. Haka nan rubutu irin “3-14” da ke shi kaɗai a gurbinsa ya rikiɗe ya koma kwanan wata. Sunayen tituna biyu masu ɗauke da haruffa masu alama a kansu kuma suka lalace, inda é ya koma Ã©, wanda shi ne abin da ke faruwa idan an rubuta fayil da tsarin adana haruffa na zamani mai suna UTF-8 aka karanta shi da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai.

Jadawalin yana da layi 47 ne ba 41 ba, saboda wasu sassan an sake rubuta su a sabon layi lokacin da sabon ɗan haya ya shiga, ba a goge tsohon ba. Manhajar ta karɓi kowane layi a matsayin gini mai zaman kansa. Ta nuna saƙon cewa lodawa ta kammala, aka ci gaba da aiki.

Wata na farko da na biyu: alamun da suka fara fitowa

Ƙorafin farko daga mai gyaran famfo ya zo. An tura masa takardar aiki mai ɗauke da “14/3 Tasha”, ya je gida mai lamba 3 ya shiga neman sashe na 14, ya yi ta kai da kawo, daga baya ya kira ofis ya ce mutanen gidan sun tabbatar masa famfonsu lafiya lau yake. Karatun da ya yi wa lambar ba shirme ba ne. Rubuta lambobi biyu da sanda jirge a tsakani ba shi da ma'ana ɗaya a ko'ina: a Ostireliya “3/14” na nufin sashe na 3 a gida mai lamba 14, a birnin Gilasgo na Sikotilan kuwa “3/2” na nufin hawa na uku, ƙofa ta biyu. A ranar, ruwa ya wuni yana zuba a sashen da ake magana.

Na biyun ya fi ciwo. Wata 'yar haya da ba ta taɓa jinkirin biya ba ta fara samun saƙon tunatarwa na bashi, wanda manhajar ke turawa da kanta. Sashenta yana cikin waɗanda suka fito sau biyu; yarjejeniyarta tana rataye a rijista ɗaya, kuɗinta kuma ma'aikaci ya shigar da su a ɗayar, don haka ɗaya ta nuna bashi ɗaya ta nuna rarar kuɗi. Saƙo na uku yana ɗauke da gargaɗin tara. Matar ta zo ofis da rasit ɗinta a jere cikin ambulan, ta shimfiɗa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba, ta tambaya kawai ko mai gidan ma ya ga wannan saƙo. Ya gani, domin rahotonsa na wata ya nuna sunanta a cikin masu bashi. Shugabar ofishin ta ba ta haƙuri, ta kuma kira mai gidan a gabanta ta wanke ta.

A cikin wata na biyu aka gano cewa sabbin yarjejeniyoyi biyar da aka sanya wa hannu ba su ɗauke da lambar sashe. Samfurin yarjejeniyar yana ɗauko layin adireshi na farko ne kawai da gari da lambar yanki, alhali ma'aikaciya ɗaya ta saba saka lambar sashe a layi na biyu. Takardun sun nuna kamar kowane ɗaya daga cikin mutanen biyar ya karɓi hayar benen gaba ɗaya. Wannan ya tayar da hankalin shugabar fiye da sauran, domin yarjejeniya da takardar notis duka suna dogara ne ga bayyana wurin da ake magana a kai ba tare da shubuha ba, kuma kuskure a nan yana buɗe ƙofar jayayya ranar da aka samu saɓani.

Wata na uku: gwajin farko, tsaurara fom

Shugabar ta ɗauka cewa sakacin rubutu ne tushen matsalar, don haka ta shiga saitin manhajar ta ɗaure fom ɗin tamau. Kowane gurbi ya zama dole a cike shi. Lambar gida ba ta karɓar komai sai alƙaluma. Lambar yanki ma alƙaluma ne zalla masu ƙayyadadden tsawo. An hana sanda jirge da karan ɗori, an kuma taƙaita yawan haruffan kowane layi.

Tun a kwanakin farko aka fara cin karo. Gida mai lamba 22B ya ƙi shiga. Wani gida da suna kawai yake da shi, ba shi da lamba, shi ma ya ƙi. Sunan wani dogon titi ya guntule a tsakiya. Sai kuma aka ga cewa ƙa'idojin sun shafi fom ɗin da masu gidaje ke saka adireshinsu na wasiƙa, kuma biyu daga cikinsu a ƙasashen waje suke zaune: ɗaya a Birtaniya, inda lambar yanki ke gauraya haruffa da alƙaluma tsakanin guda 5 zuwa 7, ɗaya kuma a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda babu tsarin lambar yanki na ƙasa baki ɗaya. Ba su kaɗai ba ne a haka. Hong Kong ma ba ta amfani da ita, Ayalan ba ta samu tata ta ƙasa baki ɗaya ba sai 2015, a Jamus lambar gida bayan sunan titi take zuwa, a Japan kuma ana fara adireshi daga babban yanki a gangaro zuwa ƙarami, yawanci da lambar unguwa da ta fili maimakon sunan titi. Saboda irin wannan bambanci ne Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, wadda aka kafa a 1874 a birnin Bern, ta fitar da ma'auninta mai suna S42, wanda ke rarraba adireshi zuwa gaɓoɓi ya kuma bar kowace ƙasa da nata tsarin jera su.

Ma'aikatan ba su tsaya aiki ba, sun nemi hanyar wucewa ne. Inda babu lambar gida suka saka 0. Inda babu lambar yanki suka jera sifiri. Harafin B na 22B aka cusa shi a gaban sunan titi. Fom ɗin ya karɓi duk wannan ba gardama, jerin gidajen ya yi kyau a ido, amma yanzu akwai bayanan ƙarya a ciki waɗanda ba su da alamar da za a gane su. Rijistocin da suka maimaitu kuma suna nan yadda suke. Bayan mako uku aka janye ƙa'idojin.

Wata na huɗu: gwaji na biyu, dogaro da taswira

Daga nan aka kunna tsarin da ke ba da shawarar adireshi daga taswira yayin da mutum ke rubutu. Ga gidaje masu zaman kansu da ke tsoffin tituna ya yi amfani sosai: kuskuren rubutun sunan titi ya ƙare, lambobin yankin da suka rasa sifiri suka dawo daidai, kuma cike fom ya yi sauri.

A benayen ne ya gaza. Idan ma'aikaci ya rubuta lambar sashe sannan ya latsa shawarar da ta fito, shawarar takan maye gurbin duk abin da ya rubuta, lambar sashen ta ɓace. Ɗaya daga cikin benayen sabo ne, taswirar ba ta san da shi ba, sai ta dasa alamarta a tsakiyar titin, nesa da ƙofar. Wani gida kuma aka kai shi wani gari daban, domin sunan titinsa ya zo ɗaya da na can kuma ma'aikacin ya zaɓi shawarar farko da ta bayyana. Sau ɗaya burauzar kwamfutar ofis, wato manhajar shiga intanet, ta cike fom ɗin wani gida da adireshin ofishin kansa, wanda ta adana tun da farko.

A wannan watan wata ɗabi'a ta dawo. Da yake adireshin taswira ba ya taimaka wa ma'aikatan su gane gida da sauri a cikin dogon jeri, sai suka fara ƙara kwatance a ƙarshen layin farko, irin su “mai jar ƙofa” da “bayan tankin ruwa”. Kwatancen suka fara fitowa a kan rasit da takardun da ake aika wa masu gidaje. A wani gida har lambar sirrin buɗe ƙofar waje aka saka a layi na biyu don sauƙaƙa wa masu gyara, ita ma ta fito a takarda.

Wata na biyar: zagayen gidaje da sake gini

Shugabar ta hana kowa taɓa gurbin adireshi. Ta buga jerin a takarda, ta ɗauki ma'aikaci ɗaya, suka zagaya gidajen ɗaya bayan ɗaya cikin kwana shida. A kowace ƙofa abubuwa uku suke rubutawa: abin da ke rubuce a jikin ƙofar, adireshin da ke takardar mallakar gidan da takardar kuɗin wuta, da kuma inda mutum ke shiga a zahiri.

Zagayen ya fito da abin da kwamfuta ba za ta taɓa nunawa ba. A benen Titin Tasha, ofis yana kiran sassan hawa na farko 1 zuwa 6, amma a jikin ƙofofin an liƙa haruffa A zuwa F, kuma wanda ya liƙa su daga hannun dama ya fara, alhali ƙirgar ofis daga hagu take. Sashe na 3 a littafin ofis shi ne ƙofar D, ba C ba. Duk mai gyaran da ya yi ƙoƙarin daidaita lamba da harafi a kansa, ƙofar maƙwabci zai ƙwanƙwasa. Bene na biyu kuwa a kwana yake. Adireshinsa na hukuma yana kan babban titi, inda shagunan suke kallo, amma ƙofar da mazauna ke shiga tana kan ɗan layin gefe.

Da wannan takarda a hannu aka sake gina rijistar. An fara buɗe gine-gine 12, aka shigar da adireshin hukuma na kowanne sau ɗaya tak kamar yadda yake a takardun gidan, sannan aka jera sassa a ƙarƙashin benayen uku, kowane sashe yana gadon adireshin gininsa. Alamar sashe ta samu nata gurbi, kuma aka yanke cewa abin da ke jikin ƙofa shi za a rubuta, domin shi baƙo ke gani. An gyara samfurin yarjejeniya da na rasit su riƙa ɗauko wannan gurbi dole.

Kowane wurin haya ya samu lambar shaida ta cikin gida, wadda ba ta nufin komai game da titi ko hawa kuma ba za a sauya ta ba. Kuɗi, yarjejeniya da aikin gyara duka a kanta suke rataye yanzu, ba a kan rubutun adireshi ba. Dabarar tsohuwa ce: a Birtaniya kowane wuri mai adireshi yana da lambar shaida tasa shi kaɗai da ake kira UPRN, mai alƙaluma har 12, wadda ke tare da shi ko da sunan titi ya sauya, kuma tun 2020 aka buɗe ta ga kowa.

Buƙatar ma'aikata ta gane gida da kallo ɗaya ba a yi watsi da ita ba. An ƙirƙiri gurbin sunan kira, wanda ke bayyana a allon ofis kaɗai, ba ya hawa kowace takarda, kuma a nan “mai jar ƙofa” ya koma. An ƙara gurbin kwatance domin masu gyara, tare da wurin ƙofar shiga da aka ɗauka da waya ana tsaye a bakinta. Lambobin latitud da lonjitud masu alƙaluma biyar bayan ɗigo suna nuna wuri zuwa kusan mita ɗaya, ko da yake ita wayar kanta takan kauce da 'yan mitoci. Ga sabon benen da taswira ba ta sani ba, an yi amfani da lambar Plus Code, tsarin da Google ya saki a 2014, wanda lambarsa mai haruffa 10 ke nuna fili mai kusan mita 14 a kowane gefe. Lambobin sirrin ƙofa an fitar da su zuwa wani wuri da shugabar kaɗai ke buɗewa.

Ƙa'idojin fom an mayar da su gargaɗi maimakon shinge: idan lambar yanki ba ta yi kama da ta ƙasar da aka zaɓa ba, fom ɗin zai yi tambaya, amma zai bari a wuce. Ƙasa ce gurbin farko da ake zaɓa, daga jerin da ke bin ma'aunin duniya na sunaye da alamomin ƙasashe, wato ISO 3166, sauran guraben kuma su biyo tsarinta. Shawarar taswira an bar ta a matakin gini kawai. Sauya adireshin hukuma ya zama hurumin mutum ɗaya, kuma duk sauyi yana barin tsohon adireshi da ranar da aka yi shi.

Rijistoci shida da suka maimaitu ba a goge su ba. An fara kwashe kuɗi da takardun kowace zuwa rijistar gaskiya, aka daidaita jimla da bayanan banki, sannan aka rufe ta da rubutun da ke nuna inda ta koma. Lodawa ta biyu an gwada ta da layi biyar tukuna, an duba su a rasit da yarjejeniya, kuma ba a sake buɗe fayil ɗin a manhajar jadawali ba.

Wata na shida zuwa na tara: abin da ya biyo baya

Saƙonnin bashin ƙarya sun tsaya daga zagayen biya na farko bayan gyaran, kuma a watannin nan huɗu babu mai gyaran da ya je ƙofar da ba ita ba. Jarrabawa biyu suka zo da kansu. A wata na bakwai wani mai gida ya raba babban sashe gida biyu. Aka rufe tsohuwar lambar shaida da tarihinta, aka buɗe sabbi biyu. A wata na takwas hukumar gari ta sake lambobin gidajen titin da ɗaya daga cikin benayen yake. Aka sauya lambar a wuri ɗaya, sassansa duka suka ɗauka, tsoffin yarjejeniyoyin da aka sanya wa hannu kuma suka zauna da adireshin da suke ɗauke da shi a ranar sanya hannu.

Yarjejeniyoyi biyar marasa lambar sashe sai da aka rubuta wa kowace takardar ƙari. Uku an sanya musu hannu nan take, biyu suka ɗauki watanni, domin masu su sun yi zargin akwai wani sabon sharaɗi da aka ɓoye a ciki.

Abin da ya sa na ƙarshen ya yi aiki

A ganina gwaje-gwajen biyu na farko sun gaza ne saboda dalili ɗaya: duka sun ɗauka cewa akwai rubutu guda ɗaya ingantacce wanda in an same shi komai zai daidaita. Alhali gurbin adireshin yana ɗauke da ayyuka huɗu da ba sa jituwa. Manhaja tana son abin da ba ya sauyawa don ta rataya kuɗi, yarjejeniya tana son abin da hukuma ta sani, ma'aikaci yana son sunan da zai gane nan take, mai gyara kuma yana son ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Duk wanda ya gyara gurbin don biyan buƙatarsa, ɓata wa sauran ukun yake yi, kuma ban ga laifin ma'aikatan da suka yi ta ƙara kwatance ba, domin buƙatarsu ta gaskiya ce kuma ba a ba ta wurin zama ba sai a wata na biyar.

Tsaurara fom ya fi kowane mataki haɗari, saboda ya mayar da kuskuren da ake gani ya zama wanda ba a gani. “14/3 Tasha” yana sa mai karatu ya tsaya ya yi tambaya, amma lambar gida 0 a gurbi mai tsabta wucewa take. Taswira kuwa ta yi abin da ta iya, wato titi da gini, aka nemi ta san abin da ke bayan ƙofar waje.

Inda nake ganin shugabar ta yi kuskure na haƙiƙa shi ne makon farko, lokacin da aka loda layi 47 ba tare da an ƙirga su da yawan wuraren da ake karɓar haya ba, ba kuma a buga rasit ko ɗaya na gwaji ba. Kwana shidan da aka yi ana zagaye a wata na biyar, da an yi su kafin lodawar, da matar nan ba ta zo da ambulan ɗin rasit ɗinta ba. Sabon benen har yanzu ba ya kan taswira. An tura buƙatar a saka shi, kuma kafin a amsa, lambar Plus Code ɗin ce ake turawa duk wanda zai je.